Makullin da Na Ba Gedion

Uhanya, 9 ga Maris

Zuwa ga jikata Achola,

Kafin in gaishe ki riƙe wannan, tunda an ce kin yi boko har kina gyara wa likita magana. Wane abu ne ake sacewa da rana tsaka kowa na kallo, ɓarawon ya danna masa kwaɗo ya zuba makulli a aljihu, amma abin ya miƙe da ƙafafunsa ya koma wurin masu shi? Kada ki tambayi wayarki, ita ma ba ta sani ba.

To, yanzu gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Eldoret da sanyinta? Yaya karatun ungozoma? Ina fata kina cin abinci, don hoton da kika aiko wuyanki ya ƙara tsawo kamar na zalɓe. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Ubangiji. Idon da aka yi mini aiki a Kisumu ya buɗe tar, yanzu ina ganin har abin da ban so gani ba.

Za ki ce me ya sa Dani, kakar nan taki, ta koma takarda ga waya a hannunta. Wayar ce ta yi baki da yawa. Na cusa wasiƙar nan cikin ƙullin omena, ƙananan busassun kifin nan namu, da na ba direban Eldoret, in ta yi ƙarnin kifi ki yi haƙuri, da shi aka raine ki.

Kin san zaurenmu na Matan Bakin Ruwa, wanda na buɗe a ƙaton dandalin nan na intanet da duniya duk take ciki, shekara tara ke nan. Daga Usenge har Mbita babu mai shanya omena da ba ta ciki. Da safe a nan muke jin inda jiragen kamun kifi suka cika, da inda masu saye suka sauka, da inda hadari ya taso don a kwashe shanya. Wa ta haihu, wa ya rasu, duk a nan. To, an sace shi.

Gedion Owiti ne, ɗan tsohuwa Dorsila, mai manyan motocin kifi. Yaron da na zo garin nan amarya na tarar yana yawo ba wando. Ana jibi za a kai ni asibiti ya zo da burodi da sukari, yana ta Mama, Mama. Ya ce ido a ɗaure ba ya kula da zaure, in ba shi makulli ya riƙe mini mako biyu. Na ba shi, Achola. Da hannuna na ba shi, har na sa masa albarka.

Ranar da aka kwance mini ido na taɓa ƙofar zaurena, sai ta ce ba ta san ni ba. Ya cire ni. Ya sauya wa wurin suna ya sa nasa. Masu saye na Nakuru da Busia duk ya kore su, yanzu mata sai motarsa suke jira. Ga damina ta kama, in kifi ya kwana biyu bai bushe ba kin san abin da yake zama. Shi kuwa sai ya yi jinkiri da gangan, ya zo ya tarar da mace ta kusa kuka, ya ɗauka yadda ya ga dama.

Na kai ƙara wurin masu dandalin. Sau bakwai na rubuta, sau bakwai wata na'ura ta gode mini. Suka ce in aika hoton katin shaidata da hoton fuskata. Na aika. Suka ce fuskata ba ta yi kama da fuskata ba. Shekara saba'in da ɗaya ina ɗauke da ita!

Ran Lahadi muka haɗu da shi a bakin coci. Ya ce, "Mama Filgona, ki huta mana, shekarunki na riƙon littafin waƙa ne, ba na riƙon waya ba." Na yi dariya na ce Allah ya yi masa albarka, ya ƙara masa ƙiba. Kin san dariyata iri biyu ce. Wannan irin wadda kakanki yake ji ya ɗauki hularsa ya bar gidan ce.

Ki gaida abokan karatunki. Ki jiƙa omenan da ruwan zafi kafin ki soya, kada ki kunyata ni.

Kakarki mai ƙaunarki,
Filgona Awuor, Nyar Sakwa


Uhanya, 30 ga Maris

'Yar jikata Achola,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, na samu amsarki. Kin ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma ina taya shi. Kacici-kacicin kuwa kin faɗi: ba kare ba ne. Wa ke sa wa kare kwaɗo?

Kin tuna Risper Aoko, ƙawata mai gilashi kamar gindin kwalba, wadda ta yi shekara talatin tana haɗa wayoyi a ofishin tarho na Kisumu? Tun da ta yi ritaya ba ta da aiki sai kwance rediyon mutane. Na je mata da kukana, ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ke Nyar Sakwa, 'yar mutanen Sakwa, shekara tara kina share tsakar gidan wani kina cewa naki ne. Wa ya ce miki dole sai gidansu?"

Ta fito da wani ɗan akwati, bai fi sandar sabulu girma ba. Ta ce kwamfuta ce. In an haɗa shi da farantin sola da intanet, zai zama namu dandalin, na Uhanya kaɗai, makullinsa a hannunmu. Usenge su yi nasu, Wichlum su yi nasu, Mbita ma haka, kowa da masu tsaron ƙofarsa. Na ce to ai mun rabu ke nan. Ta ce a'a, akwatunan suna gaisawa da juna, abin da na faɗa a nan mace a Mbita za ta ji ba tare da ta bar nata ba. Sai na gane. Kamar gidajenmu ne: kowa da shingensa, amma hayaƙi da gulma suna tsallakawa. Ta ce mutane da yawa a duniya sun gaji da ƙaton gidan nan sun yi irin wannan ƙaura. Na ce ni ba ruwana da duniya, mutum ɗaya nake so ya ji a jikinsa.

Muka ajiye akwatin a ɗakin baya na gidan Risper, inda take tara tsofaffin rediyo. Daga nan ne kakarki ta tafka wauta, kuma zan faɗa miki ita da bakina kafin uwarki ta ƙara mata gishiri.

Na so Gedion ya gani. Na so ya ji zafi tun ranar farko. Sai na ce ba za mu buɗe a ɓoye kamar ɓarayi ba, za mu yi yadda ake yi in mutum zai bar gidan ubansa ya kafa nasa. Na san aikin maza ne, amma wa zai hana ni? Na saɓa gatarin kakanki, na rungumi jan zakarana, Risper ta ɗauko garwashi a kasko, muka ratsa ta gaban wurin da motocinsa suke tsayawa ina tafe ina rangaji. Muka ɗaure zakaran a ƙofar ɗakin, muka hura wuta. Risper ta kunna akwati, ni kuma na fara shiga, na rubuta sunana da manyan baƙaƙe. Mata sun cika wurin suna guɗa. Na ce to, bisimilla, kowa ta miƙo wayarta.

Achola, ko ɗaya ba ta miƙo ba.

Suka yi ta kallon ƙasa. Can matar fasto ta ja ni gefe ta ce, "Mama, da kin kunna abinki shiru da mun shiga, waya ce kawai. Amma kin kawo zakara da gatari da wuta. Kin mai da shi gida. Kuma kin shiga kafin babba." Ni da na hana kawunki ƙarami kafa gida sai da yayansa ya kafa, ni da ba a shuka a gonarmu sai na fara jefa iri, ni ce na manta! Wace mace ce za ta sa ƙafa a gidan da aka tsallake babba, ta jawo wa 'ya'yanta la'anar nan da muke ce wa chira, su yi ta ramewa ba ciwo? Ko masu zuwa coci sau uku a mako ba su yarda ba.

Kin san wace ce babba a cikin duk masu shanya kifi a bakin ruwan nan? Dorsila. Uwar ɓarawon. Shekara ashirin da biyu ba mu ce wa juna ina kwana ba, tun ranar da ta ce tuwon da na tuƙa a jana'izar kakanki bai nuna ba, a gaban surukaina.

Yanzu mu biyu ne a sabon dandali, ni da Risper. Da safe in ce mata ina kwana, ta ce lafiya, alhali ga ta nan ina jin tarinta. Gedion kuwa ya aiko a tambaye ni ko zakaran ma ya buɗe nasa shafin. Na yanka zakaran na cinye. Da ina taunar ƙashin, shi nake gani.

Ki kula da kanki, ki riƙa sa rigar sanyi.

Kakarki da ta sha kunya amma ba ta mutu ba,
Filgona


Uhanya, 21 ga Afrilu

Achola tawa,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jarrabawa? Uwarki ta ce kin karɓi haihuwar tagwaye ba ki suma ba, madalla. Nan ruwa ake yi kamar an huda sama, kifin mata yana ruɓewa a kan raga suna jiran motar mutum ɗaya.

Na je gidan Dorsila. Amma bari in fara gaya miki abin da na tafi da shi, don ba hannu rabbana na je ba.

Lokacin da idona yake ɗaure, ƙanwarta Turfosa ta rasu a Asembo. Ni ban ji ba sai daga baya. Abin da na ji shi ne daga Uhanya mutum tara kacal suka je binnewa, a bayan ƙaramar mota. Turfosa fa, wadda ta shanya kifi tare da mu shekara ashirin kafin ta koma can! Dangin Asembo suka yi ta yi wa Dorsila kallon wadda ba ta da mutane. Tun daga nan ta daina fita, ta ɗauka matan bakin ruwa ne suka juya mata baya saboda halin ɗanta.

Abin ya tsaya mini a rai, na yi ta tambaya. Ashe matar fasto ta sa sanarwar rasuwar a zaure tun da safe, da ranar binnewa da wurin da komai. Kafin a sha shayi an goge ta. Gedion ya kafa doka cewa zaurensa na ciniki ne, ba na koke-koke ba, ya ba wani ma'aikacinsa umarnin share duk abin da ba kifi ba. Bai ko duba ba. Sanarwar mutuwar innarsa, ƙanwar uwar da ta haife shi! Matar fasto ta ɗauki hoton rubutun kafin ya ɓace, ta ji tsoron nunawa. Na ce ba ni nan, ni na gama da tsoro tun ina amarya.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ba tausayi ne ya kai ni ba. Wuƙa na kai mata, na naɗe ta a ganyen ayaba. Na sa baƙin zane, na riƙe ganyen shayi da sukari, na shiga da kukan ta'aziyya tun daga bakin shinge yadda ya kamata. Tana zaune a ƙofar ɗaki, ta ƙanƙance kamar busasshen omena. Ta dube ni ta ce, "Nyar Sakwa, wata biyu kina neman hanyar gidana, ko tuwonki kike jira ya nuna?" Na haɗiye. Na ce, "Min Gedion, uwar Gedion, da mun ji da bas biyu ba su ɗauke mu ba. Ba mu ji ba." Ta ce an sa a waya, ɗanta ya gaya mata an sa, mu ne muka ƙi. Sai na fito da hoton na karanta mata a hankali, na gaya mata ƙarfe nawa aka sa, ƙarfe nawa aka goge, kuma da umarnin wa.

Na zaci za ta yi ihu in ji daɗi. Ba ta yi ba. Sai ta ce a can Asembo ta zauna ita kaɗai a gefen kabari tana ƙirga kawunan mutanenta da ido, tana sake ƙirgawa ko ta yi kuskure. A nan wuƙar ta ɗan yanke ni ni ma, amma kada ki gaya wa kowa.

Ita ta fara kawo maganar akwatin Risper, ashe duk tana da labari. Ta ce za ta shiga, amma da sharaɗi. A rushe wanda na fara, a sake daga tushe. Ita ce ta farko, kowa ya bi shekarunsa, ni kuma in tsaya a inda haihuwa ta ajiye ni, kada in ƙara tsallake kowa. Na ce na ji. Sai ta ce kuma ba za a rufe wa ɗanta ƙofa ba.

Nan na miƙe tsaye. Na ce to me na zo yi? Duk wahalar nan don in gan shi a waje yana leƙe ne! Ta ce, "Zauna, uwar rashin haƙuri. Ni na haife shi, ni zan yanka shi, ba ke ba. Wanda aka kora yana da labarin da zai ba mutane. Wanda aka ce ya bi layi fa?"

Na zauna. Ta sa aka kawo tuwo da miyar kifi, ta tsare ni da ido har na cinye. Tsakani da Allah nata ma bai nuna sosai ba, amma na ce ya yi daɗi. Ki ga abin da ƙiyayya take sa mutum ya ci.

Sai na sake rubutowa. Ki yi mana addu'a, amma kada ki roƙa masa sauƙi.

Kakarki,
Filgona Nyar Sakwa


Uhanya, 26 ga Mayu

Zuwa ga ja'irar jikata Achola,

Gaisuwa irin ta wadda ta ci ta ƙoshi. Ina fata kina lafiya kamar yadda nake, don ni rabon da in ji ƙafafuna ba nauyi haka tun kafin a haifi uwarki.

Risper ta share akwatinta tas, sunana ya tafi da duk ina-kwanan da muka yi. Ran Asabar ta farkon wata aka sake, da sabon zakara, na Dorsila. An kawo ta a kan babur, mata biyu na riƙe da ita, ta sha farin kallabi. Wayar da Gedion ya saya mata tun bara, a cikin tukunyar gero take ajiye da ita, sai da aka busa ta. Risper ta rubuta mata suna, ta ce ta yi magana za a ɗauki muryarta, ita ce kalmar farko a gidan.

Na zaci za ta sa albarka. Sai ta gyara murya ta ce, "Ni ce Dorsila Nyar Uyoma. Ina sanar da ku ƙanwata Turfosa ta rasu. An binne ta a Asembo wata uku da suka wuce. Ba ku ji ba, yanzu kun ji. Ran ashirin ga wata za mu koma mu tuna da ita." Achola, wurin ya ɗauki kuka kamar yanzu gawar ta iso.

Daga nan aka shiga layi, aka kuma shiga rigima. Matan da na sani shekara goma suna cewa arba'in da biyar gare su, ran nan kowace ta tuna ta haura sittin. Wata ta rantse ta ga ruwan da ya cinye tsohuwar gada da idonta, aka ce mata a lokacin uwarta ma ba ta yi haƙori ba. Ni ta bakwai na zo. Na tsaya a wurina kamar mutuniyar kirki. Makullin kuwa an raba shi uku, hannun Risper da matar fasto da wata daga cikin matasan mata, ba a korar kowa sai su ukun sun yarda. Ni ba a ba ni ba. Dorsila ta ce na riga na nuna abin da nake yi da makulli.

Kafin mako biyu Usenge sun kunna nasu, Wichlum ma, Mbita kuwa wata malamar makaranta ce ta haɗa musu. Muryar Dorsila ta bi akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya har tsibirai. Masu saye na Nakuru da Busia suka ji inda mata suka koma, suka biyo. Yanzu kifi ba ya kwana yana jiran kowa. Ranar tunawa da Turfosa bas biyar muka cika, har da masu tsayuwa. Dorsila ta zauna a gaba tana kallon dangin Asembo ɗaya-ɗaya.

Gedion fa? Zaurensa na nan, ba wanda ya taɓa masa shi. Sunayenmu duk suna ciki reras, don ba mu ko tsaya fita ba, daina zuwa kawai muka yi. An ce kullum da safe yana rubuta cewa motoci sun iso, ba mai amsa masa sai wani mutum daga wata ƙasa mai tallar maganin sanƙo. Motocinsa sun yi kwana huɗu suna komawa da iska a ciki.

Ran Talata ya zo gidan Risper. Ya tarar da mu a inuwa muna tsince kifi, uwarsa na tsakiya. Ya cire hula ya gaishe mu, har da ni, ya ce Mama. Na ce, "A'a, Gedion, kai ne? Na zaci kana can kana riƙe mana zaure." Ya ce yana so a sa shi. Uwarsa ba ta ɗaga kai ba ta ce ƙofa a buɗe take, amma gidan na masu shanya ne, sai sun gama shiga, sannan masu jirgi, sannan masu ɗinkin raga, sannan masu jakin dako, sannan masu saye, su ma bisa ga wanda ya fara zuwa. Ya tambayi Risper su nawa suka rage a gabansa. Ta gyara gilashi ta daɗe tana duba littafinta, ta ce ya dawo bayan girbi. Kuma wannan na Uhanya ne kawai, in yana son mata su amsa masa a Usenge da Wichlum da Mbita, can ma kowa da dokar gidansa, kuma duk sun ji muryar uwarsa.

Ya tsaya yana juya hula a hannu. Na matsa masa kujera da ƙafa, na ce ya zauna ya huta, tsayuwa ba ta yi wa mai ƙiba kyau. Bai zauna ba. Na bi shi da kallo har ya sha kwana, da sabon idona, wanda ba ya ɓoye mini komai.

Ki zo hutu da wayarki a sa ki, amma ki sani can ƙarshen layi kike, ke da sauran 'yan jiya. Uwarki na gaishe ki, Risper ma, har Dorsila ta ce a gaida mai dogon wuya.

Kakarki mai ƙaunarki har kullum,
Filgona Awuor, Nyar Sakwa

Af, na kusa mantawa. Kin ce kyanwa, kin ce amarya, kin ce kudan zuma, duk kin faɗi. Kasuwa ce.